Yadda ake zana ginshiƙai da bim na ɗakin ƙarƙashin ƙasa a manhajar zanen gida

A jihohin arewacin Amurka da ƙasar Kanada, inda sanyi ke daskarar da ƙasa, dole ne harsashin gida ya wuce zurfin da ƙanƙara ke kaiwa. Tunda an riga an yi haƙa, sai a ƙara zurfin a mayar da wurin ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Bangon wannan ɗaki na kankare ne, amma benen da ke samansa na katako ne. Ana jera katakai a kan gefensu kamar jerin azara a rufin soro, a shimfiɗa falanki a kai. Katakan ba sa iya ƙetare faɗin gida daga bango zuwa bango, shi ya sa ake ratsa bim a tsakiya ya tallafe su, bim ɗin ya zauna kan ginshiƙai, kowane ginshiƙi kuma ya zauna kan mazaunin kankare nasa. Wanda ya saba da gini na fila da bene na kankare, in ya karɓi aikin zanen irin wannan gida, a nan yakan fara tuntuɓe, domin manhaja za ta bar shi ya ajiye bim a duk inda ya ga dama, ta kuma nuna masa hoto mai kyau ko da ginshiƙin yana reto a iska.

Za mu bi gida guda daga farko har ƙarshe, a manhajar Chief Architect. Home Designer ta kamfani ɗaya ce, kuma yawancin umarnin iri ɗaya ne. Awon duka a ƙafa da inci yake, domin da su ake sayar da katako da ƙarfe a can.

Gidan da za mu zana

Faɗinsa ƙafa 28, tsawonsa ƙafa 40, wato kusan mita 8.5 da mita 12.2. Bene ɗaya ne a kan ɗakin ƙasan. Bangon kankare kaurinsa inci 8, tsayinsa ƙafa 8 daga saman harsashi. Daɓen kankare na ɗakin ƙasa inci 4 ne, kuma a kan leɓen harsashin yake zaune. Katakan bene masu suna 2x10 ne, an jera su inci 16 tsakani. A lura tun yanzu cewa sunan katako daban yake da ainihin awonsa. Katakon 2x10 kaurinsa inci 1½ ne, zurfinsa inci 9¼, na 2x12 kuwa inci 11¼. Wanda ya rubuta 10 da 12 a manhaja ya shigar da kuskuren inci ¾ a kowane hawa, kuma ba zai gan shi ba sai ranar da ginshiƙin da aka yanko ya kasa kaiwa bim.

A yi lissafin nauyi kafin a taɓa linzamin kwamfuta

Kundin ƙa'idojin ginin gidaje na IRC, wanda mafi yawan jihohin Amurka ke bi tare da 'yan gyare-gyarensu, yana ɗora wa benen zama nauyin mutane da kaya laba 40 a kowane murabba'in ƙafa (laba ɗaya ta kusa rabin kilo). A ƙara laba 10 na nauyin benen kansa, ya zama 50. Bim na tsakiya yana ɗaukar rabin katakan da ke damansa da rabin na hagunsa, ƙafa 7 nan, ƙafa 7 can, jimilla 14. Ke nan kowace ƙafa ta bim tana ɗauke da laba 700.

Tsakanin bango da bango ta ciki ƙafa 38 ne da inci 8. In aka kafa ginshiƙai huɗu, an raba tsawon gida biyar, kowane tsakani kusan ƙafa 7 da inci 9. Kowane ginshiƙi zai ɗauki wajen laba 5,400, kusan kilo 2,450. Idan bim ɗin ya zarce kan ginshiƙan ba tare da yanka ba, kamar na ƙarfe, ginshiƙai biyu mafi kusa da bango sukan ɗauki ƙarin kusan kashi 13 cikin 100, wato su haura laba 6,100.

Da wannan nauyi, bim na katakon 2x10 guda uku da aka haɗa da ƙusa yana kan gaɓa, ya danganta da irin itacen da darajarsa. Mun fi son 2x12 guda uku, kauri inci 4½, zurfi inci 11¼. Akwai kuma LVL, katakon masana'anta da ake mannawa falle-falle, kowane falanki kaurin inci 1¾, da bim na ƙarfe irin W8x18 mai zurfin inci 8⅛ da faɗin inci 5¼. Waɗannan biyun suna ba da damar rage yawan ginshiƙai, amma duk ginshiƙin da aka cire nauyinsa kan maƙwabtansa yake komawa, mazauninsu kuma sai ya ƙara girma.

Wannan lissafi na fara zane ne, don a san girman abin da za a ajiye a taswira. In akwai bango a sama da ke sauke nauyin rufi ko na bene na biyu a kan layin bim, adadin zai iya ninkawa, kuma injiniyan gini ne zai sa hannu a kan girman ƙarshe.

Harsashi da tsayi

A Chief Architect ɗakin ƙasa shi ne Floor 0. Bayan ka gama bangon benen farko, shiga Build, sai Floor, sai Build Foundation, ka zaɓi bango mai harsashi a ƙarƙashinsa, ka saka tsayinsa. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne sifilin manhajar yana saman falankin benen farko, don haka duk abin da ke ɗakin ƙasa lambarsa a ƙasa da sifili take. Rubuta waɗannan a takarda ka ajiye kusa:

- saman falankin bene: 0
- ƙasan katakan bene, wanda shi ne saman bim: −10, wato inci ¾ na falanki da 9¼ na katako
- saman bangon kankare: −11½, domin akwai katakon kan bango mai inci 1½
- ƙasan bim: −21¼
- saman daɓen kankare: −103½
- saman mazaunin ginshiƙi: −107½
- ƙasan mazaunin: −119½

Daga nan komai yake fitowa. Daga daɓe zuwa ƙasan bim inci 82¼ ne, wato ƙafa 6 da inci 10¼. IRC yana son rufin ɗakin zama ya kai ƙafa 7, amma ya yarda bim ko bututun iska a ɗakin ƙasa ya sauko har ƙafa 6 da inci 4 daga kammalallen daɓe. Muna da sarari ke nan, sai dai a tuna awon daga saman tayil ko kafet ake yin sa, kuma in za a lulluɓe bim ɗin da allon silin, shi ma zai ci nasa rabon.

Jan bim

Tsaya a Floor 0. Katakan da ke ɗauke da benen farko a nan suke bayyana, kuma a nan ake jan bim ɗinsu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan bim ana tsaye a Floor 1. Sai ya tafi silin ɗin falo, mutum ya sauko ɗakin ƙasa ya neme shi ya rasa, ya sake jan wani.

Kafin ka ja, buɗe saitin asali na Framing, wato sashen katakan gini, ka saka zurfi 11¼ da kauri 4½, ko ka zaɓi ƙarfe in shi za a yi. A wurin akwai zaɓi biyu, Under Joists da With Joists, kuma bambancinsu babba ne. Na farko yana ajiye bim a ƙarƙashin katakan bene, su hau kansa su zauna. Shi ne mafi sauƙin gini, kuma bututun ruwa da wayar lantarki suna iya bi ta samansa tsakanin katakai. Na biyu yana shigar da bim cikin kaurin benen, katakan su tsaya a gefensa a rataye da maƙalan ƙarfe. Silin yakan fito sumul, amma kowane katako na buƙatar maƙali, kuma bim ɗin ya toshe hanyar duk bututun da ke son ƙetarawa. A gidanmu 2x12 ya fi 2x10 zurfi da inci 2, don haka ko an shigar da shi ciki sai ya leƙo ƙasa. Mun zaɓi na ƙarƙashi.

Shiga Build, Framing, Floor/Ceiling Beam, ka ja layi daga bango zuwa bango a daidai tsakiyar faɗin gidan. Kada ka amince da ido. Ja layin awo daga fuskar wajen bango zuwa tsakiyar bim, ka rubuta ƙafa 14. Sannan buɗe bayanan bim ɗin ka tabbatar an yi masa alamar Bearing Beam. In ba a yi ba, manhajar ba za ta ɗauke shi a matsayin madogara ba, sai ta zana katakai masu ƙafa 28 daga bango zuwa bango, jerin kayan saye kuma ya fito da katakon da babu shi a wurin masu sayarwa. In katakan suka fito suna bin tsawon bim a maimakon su gitta shi, ja layin Joist Direction, mai nuna wa katakan bene inda za su bi, a faɗin gidan ka sake gina katakan. A kan bim, katakan dama da na hagu su zarce juna da aƙalla inci 3 a haɗa su da ƙusa uku, haka IRC ya ce.

A nan gizo ke saƙa ga masu gyara da hannu: muddin sake gina katako ta atomatik na kunne, duk gyaran da aka yi wa katakan da manhaja ta gina zai iya gogewa da zarar an motsa bango. Kammala shimfiɗar ɗakuna tukuna, gina katakai, kashe atomatik ɗin, sannan ka shiga gyaran hannu.

Gurbin bim a bango

Manhaja ba ta damu ba in bim ya tsaya daidai fuskar bango bai shiga ba, ko ya ratsa shi ya fito waje. Magini kuwa gurbi zai bari a kankare tun lokacin zubawa, kuma daga zanenka zai ɗauki awon. Bim da ke zaune kan kankare yana buƙatar aƙalla inci 3 na zama. In na katako ne da ba a yi wa maganin ruɓa ba, a bar masa iska ta inci ½ a gefe biyu da ƙarshe, domin kankare na jan laima. Saboda haka gurbin zai shiga bango inci 4, bim ya zauna 3½, a bar rabin inci a baya. Faɗin gurbin inci 5½. Zurfinsa daga saman kankare inci 9¾, wato 11¼ a cire 1½ na katakon kan bango, sai a ƙara kaurin farantin ƙarfen da za a shimfiɗa a ƙasa. Tsawon bim gaba ɗaya ya zama ƙafa 39 da inci 3. Ja kowane ƙarshe ya shiga bango inci 3½, ka zana gurbin da layi a taswirar harsashi, ka rubuta awonsa uku a gefe.

Babu katakon 2x12 mai ƙafa 39, don haka dole a yi haɗi. Kowane haɗi ya faɗo a kan ginshiƙi, kuma kada falanki ukun su yanke a wuri ɗaya. Tsakani biyu na farko tare da shigar bango sun kai kusan ƙafa 15 da inci 9, katako mai ƙafa 16 ya ishe su. Wannan ma dalili ne na barin tsakanin ginshiƙai ƙasa da ƙafa 8.

Ginshiƙai da mazauninsu

Yi amfani da Post with Footing, wanda ke ajiye ginshiƙi da mazauninsa tare, yadda in ka motsa ɗaya ba za ka manta da ɗayan ba. Ajiye guda ɗaya a tsakiyar kaurin bim, gyara shi sarai, sannan ka kwafe shi sau uku da tazarar da ka rubuta da lamba. Ginshiƙin da ya kauce daga tsakiyar bim da inci ɗaya ba ya nunawa a hoto, amma a gini yana sa bim ya nemi karkata.

IRC bai yarda ginshiƙin katako ya gaza 4x4 ba, na ƙarfe kuma kada ya gaza bututu mai faɗin inci 3 na Schedule 40, wato ajin kaurin jikin bututu, ko makamancinsa da aka amince da shi. Wanda aka fi gani shi ne ginshiƙin Lally, bututun ƙarfe mai cike da kankare, yawanci inci 3½, da faranti sama da ƙasa. Akwai wasu masu zugewa kamar eriya da ake sa wa fil a tsakiya. Yawancinsu na tallafin wucin gadi ne, kada a rubuta su a zane a matsayin na dindindin. In katako za a yi, 4x4 ainihinsa inci 3½ ne, bim ɗinmu kuwa 4½, don haka falankin gefe ba za su zauna sosai ba. A sa 6x6 ko hular ƙarfe mai ɗaukar faɗin bim duka, a kuma ɗaga gindinsa aƙalla inci 1 daga daɓe a kan mazaunin ƙarfe saboda laima.

Ginshiƙin ƙarfe a kan mazauni yake tsayawa, daga baya a zuba daɓe ya kewaye gindinsa ya riƙe shi. Ƙasansa ke nan −107½, samansa −21¼, tsawo inci 86¼ har da faranti. Wanda ya auna daga saman daɓe zai rubuta 82¼, ginshiƙin ya zo da gajartar inci 4. Daɓen kansa ba madogara ba ne. Inci 4 na kankare ba zai ɗauki laba dubu shida a wuri mai faɗin tafin hannu ba, tsagewa zai yi.

Girman mazauni daga ƙarfin ƙasa yake fitowa. Inda ba a yi gwajin ƙasa ba, IRC yana ɗaukar laka da tabo a kan laba 1,500 a murabba'in ƙafa. Mazauni mai inci 24 da 24 murabba'in ƙafa 4 ne, yana ɗaukar laba 6,000, alhali shi kansa, da kaurin inci 12, ya kai laba 600. Bai isa ba. Mai inci 30 da 30 yana ɗaukar laba 9,375, shi za mu saka. Amma akwai sharaɗi: a kankaren da babu rodi, fitowar mazauni daga gefen abin da ke kansa kada ta wuce kaurinsa. A nan fitowar ta kai wajen inci 13, kauri kuwa 12. Ko a ƙara kaurin zuwa 14, lambar ƙasan mazauni ta koma −121½, ko injiniya ya rubuta rodi.

Duba ta yanka

Taswirar sama ba ta nuna tsayi, hoton waje kuma yana ɓoye kuskure. Ɗauki Back Clipped Cross Section ka yanka gidan sau biyu, ɗaya a faɗi ta kan ginshiƙi, ɗaya a tsawo ta kan bim. Matso da hoton sosai ka bi nauyin da ido daga sama: falanki kan katako, katako kan bim, bim kan faranti, ginshiƙi kan mazauni. Duk inda ka ga farin sarari tsakanin biyu, ko ɗaya ya nutse cikin ɗaya, koma ga lambobin da ka rubuta. In aka canza tsayin ɗakin ƙasa daga baya, a sake wannan dubawa, domin abin da aka saka wa tsayi da hannu ba lallai ya bi sabon daɓen ba. In kuwa ka ajiye bim ko ginshiƙi bai bayyana ba, kafin ka sake ajiye wani duba leyar da yake kai, wato rukunin zanen da ake kunnawa ko kashewa, sau da yawa a kashe take. Ginshiƙai biyu a wuri ɗaya ba sa nunawa a hoto, sai a jerin kayan saye za ka ga takwas a maimakon huɗu.

Sai ka kunna nunin benen sama a kan na ƙasa. Nemi bangon da ke ɗauke da nauyi, da gefen faffaɗar ƙofa inda nauyi ke taruwa wuri guda, da ramin matakala. Inda nauyi ya taru a sama, ginshiƙi ya kamata ya kasance a ƙarƙashinsa kai tsaye, ko da hakan zai ɓata daidaiton tazarar. Haka kuma a duba kada ginshiƙi ya faɗo a bakin matakala ko tsakiyar ƙofar da mai gida zai so nan gaba. In za a raba ɗakin ƙasa, mafi kyau a jera bangon rabon a ƙarƙashin bim ya haɗiye ginshiƙan. Bututun inci 3½ yana shiga bangon 2x4 da ƙyar, farantinsa yakan leƙo, na 2x6 ya fi ɓoye shi.

A wasu manhajojin

A Revit, wajen ajiye ginshiƙin ɗaukar nauyi akwai zaɓin Height da Depth. In yana kan Depth kana tsaye a matakin ɗakin ƙasa, ginshiƙin zai nutse ƙasa da daɓe ya ɓace maka. Bim kuma samansa yakan daidaita da matakin da aka ja shi, don haka in matakin yana saman falanki, sai a sauke shi inci 10. A SketchUp babu abin da ya san shi bim ne, kai za ka gina komai. Mayar da ginshiƙi da mazauninsa abu guda mai maimaituwa, yadda gyaran ɗaya zai shafi sauran, ka kulle motsi a kan shuɗin layi, wato layin sama da ƙasa, lokacin ɗagawa. Inda manhajar ba ta da kayan aikin katako, ana iya wakiltar bim da dogon akwati mai awo daidai, amma ba zai raba katakan bene ba, jerin kayan saye kuma ba zai ƙirga shi a matsayin bim ba, sai a rubuta shi da hannu.

A taswirar harsashi da za a miƙa wa magini, a rubuta girman bim da irinsa, da awo daga bango zuwa tsakiyar kowane ginshiƙi, da girman mazauni da kaurinsa da tsayin samansa, da awon gurbi a bango biyu. In bim na ƙarfe ne, a nuna katakon 2x6 da ake ɗaurewa a samansa da kusoshi don katakan bene su sami wurin ƙusa. Wannan katako yana sauke saman ƙarfen zuwa −11½, daidai da saman bango, ƙasansa ya koma wajen −19⅝, don haka zurfin gurbi da tsawon ginshiƙi duka sai an sake lissafa su.